Keken da Yaya Madu Ya Bar Mini a Cikin Kwali

Ranar wata Laraba ce da la'asar, cikin bazarar shekarar da labarin zinariyar Jado, can arewa cikin sahara, ya cika Gure, ina ajin ƙarshe na ƙaramar lakwal, wato makarantar firamare. Na dawo daga ba awaki ruwa, sai na tarar da yayana Madu zaune ƙarƙashin bishiyar bedin tsakar gidanmu, ya shimfiɗa tabarmar kaba, ga wani kwali a gabansa an ɗaɗɗaure shi da igiyar roba. A ranar ya dawo daga Nguru, inda ya raka wani maƙwabcinmu sayar da raguna. Ya ɗago kai ya ce, "Gana, wanke hannunka ka zo." Sunana Bukar, amma da yake ni ne auta, Gana kowa ke kirana a gida. Na wanke hannu na durƙusa kusa da shi, ya yanke igiyar, ya fara fito da kayan yana jerawa a kan tabarma: wani ɗan inji da bai fi kan maraƙi ba, da baƙin tanki mai siffar gora, da sarƙa naɗe cikin takarda mai maiƙo, da faranti mai haƙora, da bututun hayaƙi, da wayoyi, da ƙullin notuna cikin leda. Manganci muke yi a gida, amma waɗannan ƙarafa ba su da suna a Manganci, don haka sai ya riƙa faɗa mini su yadda masu gyaran moto, wato babur, ke faɗa a kasuwa: wannan buji, wannan karburata. Ina maimaitawa yana dariya. Ya nuna baƙin kekensa da ke jingine a bangon zaure ya ce a jikinsa za mu ɗaura wannan inji, ya koma kamar moto, mu huta da tafiyar kwari a ƙasa. Iya tana bakin murhu tana kallonmu tana murmushi.

Mu uku ne a gidan. Yayyena mata duk sun yi aure, Baba kuwa yana daji da shanu ta wajen Alakoss, ba ya zuwa gari sai da salla ko in wata larura ta taso. Abin da ke riƙe gidan da rani shi ne lambun da kakanmu ya bari a wani kwari kudu da gari, irin kwarurrukan nan da tudun rairayi ya kewaye, in ka gangaro sai ka ga goriba da dabino da ɗanyen ganye kamar ba a ƙasarmu ba. Ruwa ba ya da nisa a can, rijiyarmu ba ta wuce tsayin mutum biyu ba. Madu ne mai lambun. Shi ke shuka albasa da tumatir da salati da rogo, shi ke ban ruwa, shi ke kawowa gari a kan tsohon jakinmu wanda ya fara ɗingishi. Aikina ni awaki ne, da ɗebo ruwa a famfo, da samo wa Iya itace, sai kuma ranar da babu lakwal in bi shi kwari in riƙa cika masa gwangwanin ban ruwa.

Ba mu haɗa injin ba. Kafin sati ya zagayo, wani abokinsa ya zo ya ce an samu wuri a motar da za ta tashi zuwa Jado. A lokacin babu zancen da ake yi a gari sai na zinariya, wai mutum zai tsince ta a ƙasa kamar tsakuwa. Iya ta yi magana, ta sake yin magana, daga ƙarshe ta ƙulla masa garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino. Na raka shi bayan gari da sassafe, inda motar ke tsaye, buɗaɗɗiya, an kakkafa sanduna a gefenta don mutane su riƙe. Ya dafa kaina ya ce, "Kada ka taɓa kwalin nan. Kafin damina ta faɗi ina gida, mu haɗa tare." Ya naɗe fuskarsa da rawani ya hau, na kasa bambance shi da sauran samarin da ke kan motar.

Bayan tafiyarsu sai garin ya zama wani iri. Fadar samarin unguwarmu, inda ake dafa shayi da yamma ana gardamar ƙwallo, ta koma benci biyu da toka. Filin ƙwallo ya koma wurin kiwon tumaki. Muka yi jarrabawa aka ba da dogon hutu, abokaina kuma suka watse: wasu suka bi iyayensu daji wurin dabbobi, wasu suka tafi gona, babban abokina Musa kuwa gidansu gaba ɗaya suka koma Gamu. Ni ban iya zuwa ko'ina ba, don ba mai zama da Iya. Da can in damina ta yi mukan yi wanka a tabki, mu yi langa, mu ƙera shanu da laka mu yi musu ƙaho da ƙayar aduwa. A wannan shekarar na je tabkin sau ɗaya, na tsaya ina kallon ƙananan yaran da ban sani ba suna fantsama ruwa, na juyo gida. Kullum in na shiga ɗakin Madu ɗauko wani abu sai idona ya faɗa kan kwalin a ƙarƙashin gado.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta rufe tuddai, Madu bai dawo ba. Wata rana da hantsi ƴar wayar Iya ta yi ƙara. Shi ne, ya ari irin wayar nan ta direbobin sahara, don can babu layi. Iya ta gaisa da shi, sannan ta miƙo mini. Iska ce ke kaɗawa a bayan muryarsa kamar ana yayyaga zane. Ya ce, "Gana, ba zan samu zuwa yanzu ba. Lambu na hannunka bana. Buɗe kwalin nan ka haɗa." Na ce, "Yaya, ban iya ba." Ya ce, "Ni ma ban taɓa yi ba. Fara da farantin ƙafar baya. In ya karkace, komai zai karkace." Kafin in sake tambaya layin ya yanke.

Sai a lokacin na gane abin da ke gabana. In kaka ta yi zan shiga kolej, a daidai lokacin kuma ake fara aikin lambu. Jakinmu ba ya iya zuwa kwari ya dawo a yamma ɗaya, balle kuma ƙafa. Ko dai in bar lakwal, ko lambun ya bushe. Iya ta ce ko ɗaya ba za a yi ba, amma ba ta faɗi yadda za a yi ba, ni ma ban tambaye ta ba. Washegari na jawo kwalin zuwa ƙarƙashin bedi, na ɗauko jakar da Madu ke ajiye kayan gyaran keke, kile biyu na kwance noti da turnabis na kwance sukuru da ƴar guduma. Akwai wata takarda mai hotuna a cikin kwalin, da Ingilishi aka rubuta ta, mu kuwa Faransanci muke koyo. Na ajiye ta a gefe na shiga shan ruwa, kafin in fito akuya ta cinye rabinta.

Farantin nan ya ba ni wuya ƙwarai. Ana manna shi ne a jikin wayoyin ƙafar baya, a sa roba ciki da waje, a ɗaure da notuna kewaye. Na ɗaure iya ƙarfina, na kifa keken na juya ƙafar, sai na ga farantin yana rangaji kamar faifan da aka ɗora a kan tsinke. Na kwance na sake, ya sake karkacewa ta wani gefen. Kwanaki na yi a kan wannan abu ɗaya. Daga baya dabara ta zo mini: na ɗaure karan gero a jikin keken, bakinsa dab da haƙoran farantin, in juya ƙafar a hankali, inda ya taɓa karan in sassauta, inda ya yi nisa in ƙara ɗaurewa, noti bayan noti, ba tare da na ƙure kowanne ba. Ranar da ya juya sumul bai taɓa karan ba, na daɗe ina juya ƙafar ina kallo. Da na zo ɗora injin kuma sai na tarar ƙarfen keken ya yi wa maɗaurinsa siriri. Na yanko tsohuwar taya na naɗa, ya zauna daram. A nan ne Iya ta fara sa hannu. In ina buƙatar wanda zai riƙe mini keken, sai ta bar dakanta ta zo ta kama kan, ta juya fuska gefe saboda warin mai, ta tsaya har in gama. Ba ma yawan magana. Wani lokaci takan ce, "Yayanka da hagu yake riƙe guduma."

Da na gama haɗa sarƙa da tanki da wayoyi, na tafi wurin wani tsoho mai sayar da esansi, wato fetur, a kwalabe a bakin hanyar gudro, titin kwalta. Shi ya gaya mini irin wannan inji ba ya shan esansi zalla, sai an gauraya masa da man inji, in ba haka ba ya ƙone. Na tambaye shi yaya yawan man, ya ce, "Zuba har launinsa ya sauya." Ni kuma don tsoron kada injin Madu ya ƙone a hannuna, na zuba har ya yi duhu. Ana tayar da injin ne da tuƙi: ka matse hannun da ke raba inji da ƙafa, ka tuƙa keken har ya ɗauki gudu, sannan ka saki. Lungunanmu rairayi ne, ba a gudu a cikinsu, don haka kullum da yamma sai in tura shi har gudro, in fita gabas da gari inda ba mutane. In tuƙa, in saki, ya yi bub-bub-bub ya tsaya. In juyo in sake. Haka na yi ta yi har cinyoyina suka riƙa rawa, in turo shi gida da magariba. Yamma ta farko dai ashe ƴar makunnar da ke ƙarƙashin tanki ce ban buɗe ba, ko ɗigon esansi bai sauka ba. Da na buɗe kuma sai buji, mai ba injin wuta, ya riƙa jiƙewa, ya yi baƙi ƙirin. Na goge, na mayar, ya sake yin baƙi.

Iya ce ta lura da rairayin. Wata rana ina juye esansi daga kwalba ta ce in ɗaga ta a rana, sai ga ƴar ƙura kwance a gindinta. Ta shiga ɗaki ta yago gefen wani tsohon kallabinta ta ce in riƙa tacewa, yadda take tace nono. Na kwance karburata a karo na farko, ina kaffa-kaffa kada wani ɗan abu ya faɗi cikin ƙasa ya ɓace, na jera kayanta a cikin murfin kwano, na hura ƴar ƙofar da esansi ke bi, wadda ba ta fi kafar allura ba. Na zubar da wancan baƙin haɗin, na yi sabo da man da bai kai rabin na farko ba.

An yi ruwa da rana a ranar, gudron ya wanku, iska na ƙamshin ƙasa. Na tuƙa, na saki hannu, ya yi tari sau biyu, sai kawai na ji keken ya fizge daga ƙarƙashina. Ƙafafuna suka tsaya, shi kuwa yana tafiya. Ƙara ta cika mini kunne, kan keken na karkarwa a tafin hannuna, bishiyoyin kandili na wucewa ta gefe da saurin da ban taɓa gani ba. Na yi ihu, ban ma san abin da na faɗa ba. Na waiga don in ga ko wani ya gani. Ba kowa a hanyar, tun daga inda nake har inda ta haɗe da sama, sai wasu raƙuma can nesa suna cin ganye, ko kai ba su ɗaga ba. Na yi nisa sannan na tsaya a gefen hanya, na zauna a kan jiƙaƙƙen rairayi, injin yana ta ƙyas-ƙyas yana hucewa. Na daɗe a wurin. Duk kwanakin da na yi ina wahala ban yi kuka ba sai a ranar da ya tashi.

Tashi daban, lafiya daban. Cikin satin farko ɗan gargaren da ke riƙe sarƙa ya goce ya shiga cikin wayoyin ƙafa, ya watsar da ni a kan tsakuwa, bututun hayaƙi ya ƙone mini ƙwauri. Iya ta shafa mini man shanu, ta ce, "Gobe ka ɗaure shi da kyau," ba ta ce in bari ba. Madu ya sake kira ana gab da girbi. Na shirya tambayoyi da yawa a raina, amma sai na rasa ta inda zan fara, na ce masa kawai ya tashi. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Na ce amma yana hayaƙi, kuma ba ya da ƙarfi a tudu. Ya ce in dakata, ya tambayi wani direba a can, sannan ya ce, "Ka riƙa duba bakin buji. In baƙi ne, ya sha da yawa. In fari ne kamar toka, yunwa yake ji. Launin soyayyar gyaɗa kake nema." Wannan magana ita ce duk karatun da na samu. Sauran da kunne na koya. Akwai ƴar allura a cikin karburata mai matakai, in ɗaga ta ko in sauke ta, in fita in gwada, in dawo in kwance buji da tsumma don zafi, in duba launi. Akwai kuma wani ɗan sukuru a gefe, in ka juya shi kaɗan muryar injin ta hau, in ka mayar ta sauka har ya mutu. A hankali na fara gane lokacin da yake cikin daɗi da lokacin da wani abu ke damunsa, tun kafin ya tsaya.

Aka koma lakwal, na shiga kolej, aikin lambu kuma ya tashi. Da an tashe mu sai in ruga gida, in sha fura a tsaye, in hau. Gudro ne farkon hanyar, sai jar ƙasa mai tauri, sai kuma rairayi, inda dole in sauka in tura, injin yana taimaka mini kaɗan-kaɗan ina gudu a gefensa. Daga baya na gane in na rage iskar taya ba ya nutsewa sosai. Tsidau kuwa ya sha fasa mini taya, har na koyi yin faci a gindin goriba da ruwan rijiya a cikin ƙwarya. In na isa sai in cire rigar lakwal in rataye a reshe, in yi ta jan guga ina bin fangali-fangali har rana ta yi ja. Masu lambunan da ke kusa da namu tsofaffi ne, ƴaƴansu duk sun tafi inda Madu ya tafi. Mukan ɗaga wa juna hannu daga nesa, kowa ya sunkuya kan aikinsa. Abin da ake ji a kwarin shi ne kukan kurciya da ƙarar ruwa a cikin gwangwani.

Ranar Lahadi ta keken ce. Girgizar inji tana kwance noti komai ɗaurinsa, don haka sai in bi su ɗaya bayan ɗaya, daga gaba zuwa baya. In ciro soson da ke tace iska, wanda rairayi ke toshewa, in wanke shi in matse. In goge sarƙa in ɗiga mata mai, in kankare bakin buji da ƴar waya, in ƙwanƙwasa wayoyin ƙafa in ji wadda ta saki. A wannan zama ne na tsinci kaina ina magana ni kaɗai, ina ba da labari kamar Madu na zaune a gefen tabarma: albasa ta yi kyau bana, Yaya, jaki ya mutu, mushe mai koya mana lissafi ya ce ina ƙoƙari. A aji kuwa warin esansi ba ya barin jikina ko na yi wanka, ƙarƙashin farcena kullum baƙi. Yara suka sa mini suna Mai Hayaƙi. Ba da mugunta ba ne, wasu ma kan roƙe ni in ba su hawa, amma ba ni da lokacin tsayawa, su kuma suka daina tambaya. Ban yi aboki ko ɗaya ba a shekarata ta farko a kolej.

Daga nan kiran ya ɗauke. Samari suka fara dawowa, wani da sabuwar mota, da yawa da rigar da suka tafi da ita. Duk wanda muka ji ya iso sai Iya ta aike ni in tambayo. Wani ya ce ya gan shi yana lafiya, wani ya ce ai ya wuce wani wurin haƙa can gaba ta wajen iyakar Aljeriya, wani ya ce bai san shi ba. Baba ya zo babbar salla, ya zagaya keken ya duba, ya je kwari ya ga lambu, ya ce, "Ya yi," ya kwana biyu ya koma wurin shanu. Iya ta rage magana, ta rage cin abinci. Kullum in na shawo kwanar lungunmu da magariba sai in same ta tsaye a bakin ƙofa. Ta ce tun ina gudro take jin ƙarata, kuma tana bambance ta da ta kowane moto a garin. Haka damina ta sake zuwa ta wuce, wata ma ta zo ta wuce.

Da rani Madu ya dawo, wata rana da azahar, ba sanarwa. Na shigo daga lakwal na ga wani mutum zaune a inuwar ɗaki, Iya na gefensa ta rufe fuska da mayafi. Sai da ya ce "Gana" na gane shi. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ga wani tari da ke fitowa daga can cikin ƙirji, na ƙurar ramukan da ya yi ta shiga. Ba abin da ya zo da shi sai bargo. Na sha tsara wannan rana a raina: zai shigo, in jawo shi zaure in nuna masa, ya duba farantin, ya hau ya zagaya unguwa. Amma ya wuce keken a zaure bai ko kalle shi ba. Makonni ya yi a kan tabarma, yana shan maganin da aka ba shi a gidan likita, yana kallon bango. In mutane sun zo gaisuwa ya amsa a taƙaice. Ni kuma sai na riƙa tura keken har ƙarshen lungu kafin in tayar, don kada ƙarar ta dame shi. Na ji haushi, ban san ko na wa ba.

Wata Lahadi ina ƙarƙashin bedi ina bin notuna, sai na ji muryarsa a bayana. "Wa ya haɗa maka?" Na ce, "Ni ne." Ya ce, "Kai kaɗai?" Na ce, "Iya ce ke riƙe mini." Ya taso a hankali, ya durƙusa, ya ɗaga ƙafar baya ya juya ta da yatsa, yana kallon farantin har ta tsaya da kanta. Ya shafa tsohuwar tayar da na naɗa a ƙarƙashin inji. Can ya ce, "Kai ni kwari." Ban taɓa goya mutum a kansa ba, na ji tsoron kada ya kasa, ya ba ni kunya. Na naɗe bargo a mazaunin baya ya zauna, ya riƙe kafaɗata. Injin ko sauya murya bai yi ba. Buhun albasa ya fi yayana nauyi.

A wurin rairayi na ce ya zauna in tura, ya ƙi, ya sauka muka taka tare yana tsayawa yana tari. Da muka gangara ya tsaya a bakin lambun ya daɗe. Ya bi fangalin albasa, ya tsinki tumatir ɗaya ya goge a riga ya ci, ya ja guga ya wanke fuska da wuya. Ya zauna a gindin dabino ya ce, "Can ko ganye ɗaya babu, Gana. Dutse ne da rana." Na zauna kusa da shi. Ya ce, "Na ce maka kafin damina." Na ce, "Ba komai, Yaya." Ya girgiza kai. Da za mu koma na miƙa masa kan keken na ce ya tuƙa, ai nasa ne. Ya gwada, ya saki hannun da wuri, injin ya mutu. Ya sake, ya sake mutuwa. Ya yi ƴar dariya ya sauka ya ce, "A'a, hannunka ya sani. Mu je."

Sauƙi ya zo masa a hankali, kuma zuwa kwari ne ya fi magani yi masa aiki. Ni na koya masa yadda ake sakin hannun, da yadda ake duba buji, yana sauraro kamar yadda na saurare shi a da. Amma ba mu daɗe tare ba. Da na gama kolej aka tura ni Damagaram ci gaba da karatu, na bar masa lambu da keken da kile biyun. Injin ya yi masa aiki har ya gaji ya daina tashi, a lokacin kuwa ya samu halin sayen moto.

Yanzu ina aikin haɗa famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana, ina zaune a Damagaram, ba na zuwa Gure sai da salla. Garin ya cika da motoci da ƙara. Yaron da ke son gyara wani abu a yau sai ya buɗe waya ya kalli yadda ake yi, wani daga wata ƙasa ya nuna masa noti bayan noti. Tudun rairayi ya gangaro ya cinye gefen arewa na kwarinmu, gorubobin da ke wurin kawunansu kawai ake gani. Gidanmu kuma ya cika: matar Madu, da ƴaƴansa da ke hawa jikin Iya suna jan carbinta, da maƙwabta masu shiga da fita. In na zo sai a share mini ɗaki, a kawo mini ruwa a kofin baƙi, yaran su gaishe ni daga nesa suna jin kunya. Ina murna da wannan cika, Allah ya sani. Amma wani lokaci ana tsakiyar hira sai in ji raina ya koma waɗancan ranakun da gidan ba kowa, daga ni sai Iya sai ƙarafa a kan tabarma, lokacin da kowane abu a gidan yake jiran hannuna. Ban taɓa zaton mutum zai yi kewar kaɗaicinsa ba.